Kyanwa, kaji da baƙon dare: yadda za mu tsare garka daga dila da yanyawa

Yau maganarmu a kan wata ƴar halitta ce da ba ta shiga littafin asusu, ba a saye ta da bashi, ba a kuma kai ta kasuwa, amma ranar da ta ɓace rumbu yake gane an yi rashi. Kyanwa nake nufi, wadda wasunmu ke ce wa mage, wasu kuma mussa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, ga shi. Garkar ƙungiyarmu tana bakin gari, daga ita sai gonaki da daji. A ciki muna da ƴar bukka inda muke ajiye iri, da buhun dusa, da kayan ban ruwa. Kusu ya dame mu ƙwarai, har irin salati da na albasa bai bari ba, sai muka kawo kyanwa. Cikin wata biyu ɓarna ta yi sauƙi. Da ɗari ya shigo ta haihu, ƴaƴa huɗu, a gindin zana bayan bukkar. Muka ce ai uwa ta san inda ya dace da ƴaƴanta, muka bar su nan. Wata safiya muka tarar da rami a ƙarƙashin darni, ƴaƴa biyu babu, uwar kuma tana bisa rufin bukka da rauni a cinya, ta ƙi saukowa.

Ranar taro aka yi ta kai da kawo. Wasu suka ce a sayo guba a zuba cikin hanjin kaza a ajiye bakin ramin. Wata dattijuwa cikinmu ta hana, ta ce kafin a hukunta ɓarawo a fara duba wanda ya bar ƙofa buɗe. Da muka zagaya bayan bukkar sai kunya ta kama mu. Ga kwanon da muke zuba wa kyanwa sauran tuwo da miya, yana kwana waje. Ga ramin taki da muke jefa ɓawon ƙwai da kan kifi. Ga mushen kaza da wata ta yar bayan shinge kwana uku da suka wuce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu muka kira baƙon, ya kuwa amsa kira.

Su wane ne ke zuwa da dare?

Kafin ki ɗauki mataki, ki san da wa kike yi, don maganin wani ba shi ne na wani ba.

Yanyawa ƙaramar dabba ce mai kama da ɗan kare, da dogon bindi mai gashi da manyan kunnuwa. A ƙasarmu akwai fiye da iri ɗaya. Wadda ta fi kusa da mu a yankin noma da kiwo launinta kamar rairayi, nauyinta kilo 2 zuwa 3 da ɗan wani abu. Akwai kuma ƴar ƙarama mai kunnuwa faka-faka da ke zaune can cikin rairayin arewa, wajen Tarmit da Tin Tumma, wadda ba ta cika wuce kilo 1 da rabi ba. Yanyawa na haƙa rami mai zurfi ta wuni ciki, sai dare ya yi ta fito. Abincinta fara, da ƙwari, da kusu, da ƙadangare, da ƙwai, da ƴaƴan itace, da guna. Babbar kyanwa mai lafiya takan kai kilo 3 zuwa 4, ga farce ga haƙori, don haka yanyawa ba ta cika tunkarar ta ba. Abin da take iya ɗauka shi ne jaririn kyanwa, da ƴan tsaki, da ƙwan zabi.

Dila kuwa wani abu ne daban. Shi ne malamin daji na cikin tatsuniyoyinmu, kuma nauyinsa yakan kai kilo 7 zuwa 15. Yana yawo shi kaɗai ko shi da matarsa, daga magariba zuwa asuba. Yana cin mushe, yana cin kankana a gona, yana kama kaza da zabuwa, har ɗan akuya sabon haihuwa. Shi kam yana iya kashe babbar kyanwa in ya ritsa ta a fili, inda babu abin hawa.

Ban da waɗannan biyu, akwai na gida da muke mantawa da su. Karnukan gari da ba su da mai ba su abinci suna ɓarna da yawa a ɗora wa dila. Muzuru yana kashe ƴaƴan kyanwa, yana kuma cin ƴan tsaki. Tunku da bodari suna kutsawa ta ƙaramar kafa su shiga akurki. Shirwa da shaho kuma da rana tsaka suke nasu aikin.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Da yamma ki share gindin shinge, ki barbaɗa toka ko lallausan rairayi, da safe ki duba sawu kafin yara da awaki su tattake wurin. Sawun kare, da na dila, da na yanyawa duk suna nuna alamar farce a gaban yatsu, sai dai na yanyawa ƙarami ne sosai. Sawun kyanwa da na muzuru a zagaye yake, babu alamar farce, domin su suna maida farcensu ciki in suna tafiya. In kin ga rami an tono daga waje zuwa ciki, to mai haƙa ne ya zo, gyaran ƙasan shinge ya kama ki.

Ba mu kaɗai ba ne

Kada ki ɗauka matsalar ƴan ƙauye ce. A Ingila, har cikin birnin Landan, akwai wata ƴar uwar yanyawa mai jan gashi, wadda ta fi tamu girma, tana shiga lambunan bayan gida da dare tana binciken kwandon shara. Masu kyanwa a can su ma suna fargaba. Abin da masu kula da dabbobi ke gaya musu bai bambanta da abin da dattijuwarmu ta faɗa ba: babbar kyanwa mai lafiya ba kasafai ake taɓa ta ba, haɗarin yana kan jarirai da tsofaffi da marasa lafiya. Sai a ba kyanwa abinci cikin ɗaki, a rufe shara, a shigar da ita da dare. Sun kuma lura cewa in an kashe wadda ke zuwa, ba a jimawa wata ke maye gurbinta, matuƙar abincin da ya jawo ta farko yana nan.

Mataki na farko: ki daina ciyar da baƙon

Wannan ba ya cin ko dala ɗaya, kuma shi ya fi komai aiki. Hancin dila da na yanyawa yana jiyo ƙamshi daga nesa, ga shi ba su manta wurin da suka taɓa samun abinci.

Ki ba kyanwa abincinta da rana ko kafin magariba, ki ɗauke kwanon ki wanke. Sauran abinci kada ya kwana waje. Ƙashi, da hanjin kaza, da kan kifi, kada su shiga ramin taki a buɗe. Ki binne su da zurfi, ki danne da dutse. Mushe kuwa, ko na kaza ne ko na ɗan akuya, a ƙone shi ko a binne shi nesa da garka. Wannan ma kariya ce daga cutar kaji, domin mushen da aka yar shi ke yaɗa ta. In akuya ta haihu, a binne mahaifa nan take, a kwana da ita da ɗanta cikin gida na ƴan kwanaki.

Ki tsince ƙwai kullum da yamma. Zabuwa ta fi son yin ƙwai cikin ciyawa bayan shinge, kuma nan yanyawa ke fara koyon hanyar gidanki. Kankana da tumatir da suka ruɓe a kwashe su. Dusa da hatsi a rufe su cikin tano ko randa mai murfi, domin inda hatsi ya zube kusu na taruwa, inda kusu ya taru kuwa mai cin kusu na tafe.

Ruwa ma abin jawowa ne. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da tabkuna suka ƙafe, garka ce kawai wuri mai danshi a duk karkarar. Ki kife bokiti da kwanon shan kaji da dare, ki rufe bakin kwalbati da rijiya. Rufe rijiya ma ceton yaranmu ne, da ita kanta kyanwar.

Mataki na biyu: kowa ya kwana a ɗaki

Kewaye garka gaba ɗaya yadda yanyawa ba za ta iya shiga ba abu ne mai tsada, yawancinmu ba mu da wannan ƙarfin. Dabara ita ce a ƙarfafa ƙaramin wuri, inda masu rai ke kwana.

Kyanwa mai ciki takan haihu bayan kwana 63 zuwa 65. In kin ga cikinta ya yi nauyi tana neman lungu, ki shirya mata kwando ko kwali da tsumma a cikin ɗaki ko bukka mai ƙofa. Ƴaƴan ba su buɗe ido sai bayan sati ɗaya zuwa kwana 10, kuma suna shan nono har wajen sati 8. Duk tsawon wannan lokaci ba su iya gudu, ba su iya hawa. Har su kai wata 4 ko 5, kada su kwana waje. Wani lokaci uwar za ta kwashe su ta maida inda take so. Ki yi haƙuri ki sake dawo da su, ki rage masu leƙe da taɓawa, za ta zauna.

Babbar kyanwa kuma a saba mata da shiga ɗaki da magariba. Hanyar mai sauƙi ce: ki riƙa ba ta abincin yamma a cikin ɗakin ajiya, lokaci ɗaya kullum, sai ki rufe ƙofa. Ba ki rage mata aiki ba, domin kusun da ke cin kayanki ai a ɗakin yake. Amma ki ajiye mata ruwa, da kasko mai rairayi don bayan gida, ki buɗe ta da safe. Malamanmu sun sha gaya mana labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Rufewa don kariya daban, tsarewa da yunwa daban.

In kyanwar ta ƙi ɗaki, ki tabbata tana da wurin tsira. Dila ba ya hawan itace. Rumfa, ko bishiya, ko gungume da aka jingina da katanga ya isa ya cece ta. Tamu ma rufin bukka ne ya cece ta.

Akurki shi ma a duba shi da idon ɓarawo. Ƙofar kara ko tsumma ba ƙofa ba ce. A sa ta katako ko ta tol, mai sakata. Duk kafar da yatsu uku za su shiga a toshe ta. Ƙasan akurki a daɓe shi da duwatsu da laka, ko siminti in da hali, ko a ɗaga shi bisa ƙafafu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mataki na uku: shinge

Kuskuren da muke yi shi ne mu duba tsawon shinge mu manta da ƙasansa, alhali ta ƙasa ake shigowa. In kina da ragar waya, ki binne gindinta kamar santimita 30 zuwa 40, kusan kamu ɗaya. In ƙasar na da tauri, ki lanƙwasa gindin ragar ta kwanta waje bisa ƙasa, ki danne da duwatsu ki rufe da ƙasa. Dabbar takan fara tono ne daidai gindin shinge, sai ta ci karo da waya ta haƙura. Tsawon shingen ya kai mita 1 da rabi ko fiye. Siririyar wayar kaji ba ta da ƙarfi, kare da dila na iya yaga ta. In za a saya a nemi mai kauri da ƙananan idanu, ko da ƴar kaɗan ce, a kewaye akurki da bukka kawai.

Wadda ba ta da waya tana da ƙaya. Rassan magarya, da aduwa, da sarƙaƙiya, in an cusa su a gindin darni ciki da waje, suna hana tono. Masu yin sassaben zamani a gonakinsu suna samun irin waɗannan rassa lokacin gyaran itace, ba tare da an kashe bishiya ba. Kada dai a je a sari itacen daji ba da sanin ma'aikatan gandun daji ba, kada neman tsare kaza ya jawo tara.

Shinge mai rai shi ne na dogon zango. Ɗashi da aguwa ana dasa rassansu a ƙarshen rani, kafin ruwan farko, su kama da kansu. A dasa su kusa da kusa, a cike tsakaninsu da ƙaya har su yi kauri. A kiyaye yara da farin ruwan aguwa, yana cutar da ido. Sannan sau ɗaya a sati a zagaya shingen, duk ramin da aka gani a cike shi da duwatsu, domin ƙasa zalla za a sake tonewa a daren.

Fitila mai aiki da hasken rana, da gwangwanaye da aka rataya suna ƙara, da mutum-mutumi, duk suna tsorata su, amma na ƴan kwanaki ne. Da sun gane babu abin da ke biyo baya sai su saba. In za ki yi amfani da su, ki riƙa sauya musu wuri. Kare mai gadi yana taimakawa in ya tashi tare da kyanwa da kaji tun yana ƙarami, ana ciyar da shi, an kuma yi masa allura.

Me ya sa ban da guba?

Guba ba ta zaɓen baki. Naman da kika sa wa dila, kyanwarki ce za ta fara jin ƙamshinsa, ko karen maƙwabci, ko kajinki. Ungulu ta ci mushen ta mutu, alhali ita ke share mana gari. Mafi muni, yaro mai rarrafe ba ya tambaya kafin ya kai abu baki. Haka maganin kusu: kusun da ya ci guba yana tafiya a hankali, kyanwa ta kama shi cikin sauƙi, ita ma ta kwanta. Gidan da ke da kyanwa tarko ya kamata ya sa.

Sannan yanyawa ba maƙiyiyar manomi ba ce gaba ɗaya. Fara da kusun daji da take ci a kowane dare su ne masu ɓarna a gona bayan shuka. In an ƙarar da ita, gona ce za ta biya. Ƙasarmu tana da dokar farauta da kare namun daji tun shekarar 1998, kuma akwai wurare kamar gandun dajin Gadabeji, a jihar Maraɗi, da aka keɓe don su rayu. In ɓarna ta yi yawa a unguwa, a kai kuka wurin mai gari da ma'aikatan gandun daji.

Babban haɗari: ciwon haukan kare

Wannan ya fi asarar kaza nesa ba kusa ba. Kare, da dila, da yanyawa, da kyanwa duk suna iya ɗaukar ciwon haukan kare, ta hanyar cizo da yawu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Mafi yawa daga cizon kare ne. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Amma in an yi allura da wuri bayan cizo, ana tsira.

Don haka in kin ga dila ko yanyawa da rana tsaka cikin gari, ba ta tsoron mutane, tana tangaɗi ko yawu na zuba, kada kowa ya matsa, a shigar da yara. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, a tafi likita a ranar. Kada a tsaya shafa toka ko jiran ganin abin da zai faru.

Kyanwar da ta dawo da rauni, kada ki taɓa ta da hannu tsirara, ciwo na sa ta cizo. Ki lulluɓe ta da zane, ki wanke raunin da ruwan gishiri mai ɗumi, ki keɓe ta inda yara ba su zuwa, ki nemi likitan dabbobi. Kada ki ba ta farasitamol, ko da gutsure ne: maganin mutum ne, amma ga kyanwa guba ce mai kisa. Allurar riga-kafin haukan kare ana yi wa kyanwa ita ma, tun daga wata 3 da haihuwa. Ki tambaya a ma'aikatar kiwo ta gundumarku. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, lokaci ne mai kyau na tado da zancen a taro.

Abin da ƙungiya za ta iya

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya koya mana shi ne ƙaramin zubi in ya taru yana ɗaga babban kaya. Misali, mata 25 kowace ta ƙara dala 20 a sati, jika 2 da rabi ke nan. Cikin sati 10 an sami jika 25. Da wannan ana iya fara sayen ragar waya, da sakata, da ƙofar tol, a gyara akurki ɗaya bayan ɗaya ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda muke yin adashe. Ana iya haɗa kyanwoyi da karnukan unguwa a kira likitan dabbobi rana ɗaya, a raba kuɗin tafiyarsa.

Tsabtar kuma sai an yi ta tare. In ke kin rufe sharar gidanki, maƙwabciyarki na yar da mushe bayan katanga, baƙon zai ci gaba da zuwa unguwar. Mu a garkarmu mun sa doka uku: ba mai yar da mushe kusa da shinge, wadda ta yi ban ruwan ƙarshe ita ke rufe kyanwa da akurki, kuma kowace ranar taro mata biyu su zagaya shinge kafin a buɗe akwati. Wadda ta manta tana zuba tara kamar ta makara.

Kyanwarmu ta warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage mata. Ƴaƴan biyu da suka tsira sun girma, ɗaya tana gidan ma'ajiyarmu tana gadin buhunan wake. Har yanzu mukan ga ƙaramin sawu a toka bayan shinge, ya zo ya shinshina ya wuce.

Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu a taronku na wannan sati, ku kuma zagaya bayan garkarku tun kafin magariba. Allah ya tsare mana dukiyarmu da ƴaƴanmu, ya sa albarka a asusu. Sai mun sake haɗuwa.